Yadda Za Ka Gano Sababbin Waƙoƙi, Ka Kuma Yaɗa Su da Sunan Masu Su

A kowane mako ana fitar da sababbin waƙoƙin Hausa daga sutudiyoyin Kano da Kaduna da Jos da Zariya da Maraɗi da Damagaram, amma kaɗan ne daga cikinsu suke isa kunnen mai sauraro, kuma waɗanda suke isowar galibi na mawaƙan da suka riga suka yi suna ne. Sauran sukan zo ne a ɓoye cikin wayoyi, an turo su daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan, babu sunan mawaƙi, babu sunan makaɗi, sai jerin haruffa da lambobi da manhajar ta laƙaba wa fayil ɗin. Mutum zai iya shafe wata guda yana jin daɗin waƙa, ya haddace amshinta, ya tura wa mutum ashirin, alhali bai san wanda ya rera ta ba, shi kuma mai waƙar bai san tana yawo ba. Wannan bayani na mai son waƙa ne da gaske, wanda yake so ya riƙa samun sababbi da kansa ba sai an turo masa ba, kuma yake so idan ya yaɗa waƙa amfanin yaɗawar ya koma wa mai ita.

Abu na farko shi ne ka zaɓi inda za ka riƙa sauraro, ka kuma buɗe asusu da sunanka a wurin, domin manhajar da ba ta san ka ba ba za ta iya kawo maka abin da ya dace da kunnenka ba. Ga mai neman waƙoƙin Hausa, YouTube ce kasuwa mafi girma, saboda kusan kowane mawaƙi, babba da ƙarami, yana da tasha a can ko kuma yana da wanda yake ɗora masa. Audiomack, wadda aka kafa a Amurka a 2012, ta samu karɓuwa a Nijeriya saboda mawaƙi yana iya ɗora waƙarsa kyauta ba tare da ya bi ta hannun wani kamfani ba, mai sauraro kuma yana iya adana waƙoƙi da yawa a cikin manhajar ya ji su lokacin da ba shi da data. Don haka a nan ne aka fi samun masu tasowa da masu cin gashin kansu. Boomplay, wadda ta fara aiki a 2015, tana zuwa ne a cikin yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel, wato mai yiwuwa tana cikin wayarka ko da ba ka taɓa buɗe ta ba. Spotify kuwa sai a watan Fabrairu na 2021 ta shigo Nijeriya, kuma waƙa ba ta hawa kanta sai ta hannun kamfanonin rarraba waƙa irin su DistroKid da TuneCore, shi ya sa za ka fi samun manyan mawaƙa a can fiye da ƙanana. Shawarata ita ce ka riƙe biyu, YouTube da ɗaya daga cikin sauran, domin tara manhajoji biyar ba ya ƙara komai sai cika waya.

Da zarar ka buɗe asusu, sai ka fara koya wa manhajar abin da kake so. Ka bi tashoshin mawaƙan da ka riga ka sani, ka danna alamar so a kan waƙar da ta burge ka, ka tsallake wadda ba ta yi maka ba tun da wuri, domin da waɗannan alamomi ne take auna abin da za ta gabatar maka gobe. Ka kuma lura da ranar Juma'a, domin tun daga watan Yuli na 2015 kamfanonin waƙa na duniya suka tsayar da ita a matsayin ranar fitar da sababbin ayyuka, kuma a ranar ce Spotify take sabunta jerin sababbin waƙoƙin mawaƙan da kake bi. Mu kuma a nan muna da namu lokutan, wato kwanakin ƙaramar Sallah da babba, da watan Mauludi ga sha'irai masu bege, da kakar zaɓe ga mawaƙan siyasa, da ƙarshen shekara lokacin da bukukuwan aure suke yawaita.

Sai dai kada ka sakar wa manhaja ragamar kunnenka gaba ɗaya, domin al'adarta ita ce ta ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Idan ka saurari Nura M. Inuwa za ta kawo maka Umar M. Shareef, idan ka saurari Hamisu Breaker za ta kawo maka Ado Gwanja, idan ka taɓa ClassiQ za ta nuna maka DJ AB da Morell, kuma duk waɗannan ba su buƙatar a gabatar da su ga kowa. Yaron da ya tara kuɗin sutudiyo da kyar a Gusau ko Azare ba zai taɓa fitowa a wannan layi ba sai ka neme shi, kuma hanyar nemansa da na fi amincewa da ita ita ce bin sunaye.

Kowace waƙar zamani aikin mutane da yawa ce. Akwai wanda ya rubuta baitoci, akwai wanda ya rera, akwai makaɗin da ya zauna gaban fiyano da kwamfuta ya haɗa kiɗan, akwai mai amshi ko abokiyar rerawa, akwai kuma wanda ya tace sautin a ƙarshe. Mawaƙanmu suna da kyakkyawar ɗabi'a ta ambaton makaɗi da sutudiyo a farkon waƙa ko a ƙarshenta, don haka idan waƙa ta yi maka daɗi kada ka katse ta da zarar baiti na ƙarshe ya wuce, ka bari ka ji wanda aka gaisar. Ka kuma buɗe bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon a YouTube, inda masu kula da aikinsu sukan jera sunayen duk waɗanda suka sa hannu. Idan ka sami sunan makaɗin, ka nemi shafinsa a Instagram ko Facebook ko TikTok, domin makaɗi ɗaya yana iya yi wa mawaƙa da dama aiki, manya da ƙanana, kuma yakan sanar da duk aikin da ya fito daga hannunsa. Wanda kiɗansa ya kama ka a waƙar babban mawaƙi, da wuya kiɗansa ya ƙi kama ka a waƙar wanda ba a sani ba. Haka nan idan fitaccen mawaƙi ya gayyato wani baƙon suna suka yi waƙa tare, ka je tashar baƙon ka saurari abin da ya yi shi kaɗai, domin a nan ne za ka san ko yana da nasa abin faɗa.

A nan akwai wani zalunci da ya daɗe, wanda mai sauraro zai iya taimakawa wajen rage shi. A finafinan Kannywood jarumi da jaruma ne suke motsa baki suna rawa, amma muryar ta wasu ce da suka rera a sutudiyo, kuma jama'a da yawa har yanzu da sunan jarumin suke kiran waƙar. Abin ya fi shafar mata, domin sau da yawa muryar da take ɗauke da rabin waƙar ba a rubuta sunan mai ita a ko'ina. Fati Nijar da Maryam A. Baba suna cikin waɗanda sunansu ya fito fili, amma a bayansu akwai mata masu yawa da muka san muryarsu ba mu san su ba. Idan ka ji muryar da ta tsaya maka a rai, ka yi tambaya a wurin sharhi na bidiyon, domin kusan kullum akwai wanda ya sani, kuma idan ka sami amsar ka riƙa haɗa sunanta da na abokin rerawarta duk lokacin da za ka tura waƙar.

Idan kuwa waƙa ta zo maka babu suna ko kaɗan, ko ka ji ta a cikin adaidaita sahu ko a shagon mai shayi, akwai matakan da za ka bi. Ka fara gwada Shazam, manhajar da take sauraron ɗan guntun waƙa ta faɗa maka sunanta, amma ka sani cewa waƙoƙin da aka shigar mata ta hannun kamfanonin rarrabawa ta fi ganewa, don haka sau da yawa za ta yi shiru a kan waƙar ƙaramin mawaƙi. Idan ta gaza, ka rubuta layi ɗaya na amshin a wurin bincike na YouTube ko TikTok, kuma ka gwada rubutawa ta hanyoyi daban-daban, da haruffa masu lanƙwasa da kuma babu su, domin yawancin masu ɗora waƙa ba sa amfani da ƙ da ɗ da ɓ. A TikTok ka danna hoton faifan da ke juyawa a ƙasan bidiyon, zai kai ka inda aka tara duk bidiyoyin da suka yi amfani da wannan sauti, amma kada ka ɗauka sunan da ke jikin sautin shi ne na mawaƙin, domin sau da yawa sunan wanda ya fara ɗorawa ne, kuma wataƙila ya ƙara wa waƙar sauri har muryar ta sauya. Idan duk wannan bai yi ba, ka je wurin masu tura waƙoƙi a kasuwar waya, irin ta Farm Centre a Kano ko makamanciyarta a garinku, ka kunna musu. Waɗannan matasa suna jin sababbin waƙoƙi kafin kowa, kuma akwai cikinsu wanda da jin bugun kiɗan farko zai faɗa maka mawaƙin da sutudiyon da aka buga.

Rediyo da talabijin ma ba a bar su a baya ba. Tashar Arewa24, wadda ta fara watsa shirye-shirye a 2014, tana da shirye-shiryen waƙa da suka fito da matasa da yawa, musamman masu hip-hop, kuma gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Freedom Radio a Kano da Anfani a Nijar suna da filayen da ake gayyatar mawaƙa a tattauna da su. Amfanin hira shi ne mawaƙi yakan ambaci wanda ya koya masa da waɗanda yake saurare, kuma kowane suna da ya ambata wata sabuwar ƙofa ce. Ka kuma riƙa tsallaka iyaka da kunnenka, domin mai sauraro a Kano da wuya ya san abin da ake yi a Yamai ko Tawa ko Agadas, balle a unguwannin Zango na Kumasi da Accra, alhali harshe ɗaya ne ko maƙwabcinsa. Kada kuma ka raina wurin biki da majalisin mawaƙa, inda za ka ji murya ba tare da gyaran na'ura ba, wanda shi ne gwajin da ba ya ƙarya.

Wanda ya saba da kalangun Mamman Shata, da kotson Musa Ɗanƙwairo, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, da ƙwaryar Barmani Choge, ya fi saurin gane sabon mawaƙin da yake da azanci da wanda kiɗa ne kawai yake rufa masa asiri. Saboda haka ka ware wa tsofaffin nan wuri a cikin abin da kake ji, ko da burinka sababbi ne.

Yanzu sai batun yaɗawa, wanda a ganina nan ne mafi yawanmu muke kuskure da kyakkyawar niyya. Idan ka sauke waƙa daga wani shafi da ya kwafe ta, ka tura fayil ɗin ta WhatsApp ko Xender ko Bluetooth, duk wanda ya ji ta ya ji ta ne a wurin da mawaƙin ba ya gani kuma ba a lissafa masa. Idan kuwa adireshin waƙar, wato link, ka kwafo daga tashar mawaƙin kansa ka tura, kowane sauraro yana shiga lissafinsa, kuma wannan lissafi ba abin wasa ba ne ga mai tasowa. YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara mabiya 1,000 da awanni 4,000 na kallo a cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyoyi a cikin kwana 90. Spotify tana ƙirga sauraro ne idan an ji waƙa na aƙalla daƙiƙa 30, kuma tun daga 2024 ta daina biyan kuɗi a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin shekara ba. Ga babban mawaƙi waɗannan alƙaluma aikin yini ɗaya ne, amma ga ƙarami su ne tsakaninsa da fara cin guminsa, kuma mutum ɗari biyu da suka ji waƙarsa ta fayil ɗin da aka tura musu, da ta adireshi suka bi da sun kai shi wani wuri.

Kafin ka kwafi adireshi ka tabbatar tashar ta mawaƙin ce, domin akwai masu buɗe tashoshi da sunan mawaƙa suna kwashe waƙoƙinsu suna cin kuɗin tallar. Hanya mafi sauƙi ita ce ka je shafinsa na Instagram ko Facebook da ka tabbatar nasa ne, ka bi adireshin da shi ya sa da hannunsa. Tashar da take ɗora waƙoƙin mawaƙa ashirin daban-daban, ga kuma muryar wani yana kiran sunan shafinsa a tsakiyar baiti, ba ta mawaƙi ba ce.

Na san za a ce data tana da tsada, kuma a ƙauyuka da yawa sabis ba ya ɗaukar bidiyo, don haka tura fayil ba zai daina ba, kuma ba na ganin laifin wanda ba shi da wata hanyar. Tarihin Mdou Moctar, mawaƙin Abzinawa ɗan Nijar, ya nuna ƙarfin wannan hanya da kuma rauninta. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta memori da Bluetooth har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya kafa kamfanin Sahel Sounds, ya ji ɗaya daga cikinsu ya saka ta a kundin da ya tattara daga wayoyin jama'a. Sai da ya yi cigiya kafin ya gano mai waƙar, kuma daga wannan haɗuwa ne Mdou Moctar ya fara fita wasa Turai da Amurka. Waƙar ta yi tafiya mai nisa da ƙafarta, amma da cigiyar ba ta yi nasara ba, da mai ita bai ga komai ba. Saboda haka idan dole ne sai ka tura fayil, ka ɗauki minti ɗaya ka sauya masa suna, ka rubuta sunan mawaƙin da na waƙar da shekarar, ka tura shi a matsayin takarda, wato document, domin WhatsApp kada ta shafe sunan, sannan ka haɗa da adireshin tasharsa a ƙasa domin mai hali ya bi.

Yadda ka gabatar da waƙa ma yana da tasiri. Adireshi tsirara da aka jefa a zaure ba kasafai ake buɗe shi ba, amma idan ka rubuta jimla biyu ka ce wane ne mawaƙin, daga wane gari yake, kuma ka ce a saurari baiti na uku inda ya yi magana a kan uwa ko a kan rashin aikin yi, za ka ga mutane sun danna. Ka tura wa mutum biyar da ka san irin abin da suke so, ya fi ka watsa wa zaure goma da ba ruwansu. Idan za ka sa a sitatus, guntun amshi ya isa, tare da suna da adireshi. Idan kana haɗa jerin waƙoƙi a Audiomack ko Spotify ko YouTube, ka cakuɗa manya da ƙanana, ka sa waƙar wanda ba a sani ba a bayan ta wanda kowa ya sani, domin mai sauraro ya zo ne saboda babban, kuma kafin ya kai hannu ya sauya ƙaramin ya riga ya fara. Kada jerin ya wuce waƙa ashirin ko makamancin haka, kuma ka riƙa cire tsofaffi kana sa sababbi.

Akwai abubuwan da bai kamata ka yaɗa ba ko da sun zo hannunka. Waƙar da ta fita daga sutudiyo ta bayan gida kafin mai ita ya sake ta, yaɗa ta ɓarna ce, domin wataƙila ba a gama tace ta ba, ko kuma an yi ta ne domin fim ɗin da bai fito ba. Waƙar biki da aka yi wa wata amarya, wadda aka ambaci sunanta da na iyayenta da na ƙawayenta, ta gidan ce har sai su ko mawaƙin sun sake ta. Ka kuma duba wurin da kake turawa, domin abin da ya dace da zauren abokai ba lallai ya dace da zauren dangi ba inda iyaye da ƙanana suke, kuma waƙar habaici ko zambon siyasa tana iya kunna wutar da kai ba ka yi nufi ba. Kada ka ɗora waƙar wani a tasharka kana cewa taimaka masa kake yi, domin sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta bar wa mai aiki ikon kwafi da rarrabawa, kuma kariyar waƙa tana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato waƙoƙin Shata, wanda ya rasu a 1999, har yanzu suna da masu haƙƙi. A Nijar ma akwai hukumar BNDA mai kula da irin wannan haƙƙi.

Idan mawaƙi mai tasowa ya burge ka har kana so ka yi fiye da turawa, hanyoyin a buɗe suke. Ka bi tasharsa, ka rubuta masa sharhi mai ma'ana wanda ya ambaci baitin da ya yi kyau, idan kuma kiɗa ya danne murya ko ƙafiya ta karye a wani wuri ka faɗa masa a keɓe cikin mutunci, domin irin wannan gyara ne ba ya samu daga abokansa. Ka kira gidan rediyo a filin zaɓen masu sauraro ka nemi a sa waƙarsa da cikakken sunansa. Idan ana shirin biki a danginku ka kawo sunansa cikin waɗanda za a gayyata, a kuma biya shi kuɗin aikinsa ban da liƙi. Wasu mawaƙan Nijar da Mali suna sayar da kundayensu a Bandcamp, wani shafin sayar da waƙa a intanet, inda kaso mafi girma na kuɗin yake tafiya ga mawaƙi ko kamfaninsa, amma a wajenmu abin da ya fi sauƙi shi ne tura kuɗi kai tsaye ta banki. A nan sai ka yi hattara da masu buɗe shafukan bogi da hoton mawaƙa, kada ka tura ko sisi sai lambar asusun ta fito daga shafin da ka tabbatar nasa ne, kuma sunan da banki ya nuna maka kafin ka kammala turawa ya yi daidai da nasa ko na manajan da shi da kansa ya ambata.